Harshen Aro

Su uku ne a gidan: Umma, mai yin kek tana sayarwa, Kaka, mahaifiyarta, wadda ciwon gwiwa ya zaunar, sai Auta, 'yar aji huɗu a firamare. Baba direban babbar mota ne, yakan yi makonni bai kwana gida ba. Ba su rasa abinci ba, ba su rasa masu saye ba. Abin da suka rasa shi ne ƙofa. Kicin ɗinsu labule kawai gare shi, saboda haka da an kunna obin, ƙamshin bota da sukari sai ya ratsa falo, ya shiga ɗaki, ya kama filo da kayan sawa.

Da can wannan bai dami kowa ba. Sai da wani ɗan ciwo ya fito a babban yatsan ƙafar Umma ya ƙi warkewa. Likita ya duba, ya gwada jininta, ya ce ciwon sukari ne. Ya ce in tana son yatsan nan, ta rabu da zaƙi.

"Likita, zaƙin nan fa shi ne sana'ata," in ji Umma.

"Ki yi ki sayar. Kada dai ki ci."

Amma mai kek ba ta shafa kirim sai ta ɗanɗana. Bota takan canza, lemon tsami wani ya fi wani ƙarfi, ma'auni kaɗai ba ya isa. Shi ya sa Umma ta kira Auta ta ce daga yau za ta riƙa aron harshenta.

"Ni nawa harshen ba a gan shi ba ke nan?" in ji Kaka daga kan tabarma.

"Inna, ke ko ruwa aka ba ki sai kin ce gishiri bai ji ba."

"To, a ba wannan mai kwaɗayin. An ɗauki ɓera gadin kanti."

Auta ta murguɗa wa Kaka baki, ta karɓi cokali.

Haka aikin ya zama. Da ta dawo makaranta sai ta wanke hannu, Umma ta miƙa mata kirim a bakin cokali ta ce, "Ya?" In Auta ta ce, "Ya yi," sai Umma ta rufe kwanon ta hau shafawa. In ta ce da saura, a gyara.

Da farko Auta murna take yi. Daga baya ta fara lura da wani abu. Duk sa'ad da cokalin ya shiga bakinta, idon Umma na kan leɓenta, maƙogwaron Umma kuma yana motsi kamar ita ce ke haɗiya.

Umma tana ƙoƙari. Kabeji da kokwamba take ci, da dafaffen wake da ƙwai. In abin ya taso mata sai ta sha ruwa kofi guda, ko ta jefa kanumfari a baki, ko ta je ta goge haƙori da rana tsaka. Wani lokaci ta fita baranda, amma ba ta daɗewa, don ba a barin kek a obin a tafi shan iska. Ta dawo ta tarar da ƙamshin yana jiran ta. In ta daina sana'ar, gidan ba zai tsaya ba. In ta ci, yatsan ba zai warke ba. Ko a kan sallaya, mayafinta bota yake ƙamshi.

Wata ranar Asabar shugabar wata makaranta ta ba da aikin babban kek na yaye ɗalibai, ta ce da la'asar za ta turo direba. Umma ta tsaya tun safe, ƙafar na naɗe da bandeji. Kirim na cakuleti ta kaɗa, irin wanda ta fi so tun tana budurwa.

Auta ta ɗanɗana. Ba ta taɓa jin wanda ya kai shi daɗi ba. Ta ɗaga kai ta ga idon Umma, sai tausayi ya kama ta. Ta yi tunanin in ta ce ba daɗi, ai Umma ba za ta ji kwaɗayinsa ba.

"Ya?"

"Ba daɗi."

Umma ta dube ta. "Sukari ne bai ji ba?"

"Kawai dai ba daɗi."

Umma ta ƙara sukari, ta kaɗa, ta sake miƙo cokali. Auta ta yamutsa fuska. Umma ta shinshina botar, ta duba gwangwanin cakuletin, ta dubi agogo. Babu sauran bota da za a sake wani, ga direba na hanya.

"Inna, ko za ki ɗanɗana min?"

Kaka ta yi barci, bakinta a buɗe.

Umma ta daɗe tana kallon kwanon. Sannan ta ce a hankali, "Ɗanɗanawa ce kawai," ta dangwalo da yatsa. Ta rufe ido. Ta sake dangwalowa. Sai ta ɗauki cokalin da ke hannun Auta, ta juya mata baya. Auta tana tsaye tana jin ƙarar cokali a jikin kwano. Ba irin cin mai jin daɗi Umma ke yi ba, da sauri take yi, kafaɗunta a ɗage.

Tarin Kaka ne ya tsayar da ita. Ta ajiye cokalin, ta kurkure baki, ta shafa wa kek ɗin abin da ya rage, ya ɗan yi shara-shara a gefe. Direba ya zo ya ɗauka. Bayan ya tafi ta zauna a kujerar kicin, ta soki yatsanta ta ɗiga jini a 'yar na'urar gwaji. Ta ga abin da na'urar ta nuna, ta kife ta a cinya, ta zuba wa bandejin ƙafarta ido.

"Umma, ƙarya na yi," in ji Auta, tana kuka. "Da daɗi. Ba na so ki ji kwaɗayi ne."

"Na sani. Tun da ya taɓa harshena na sani." Ta jawo yarinyar jikinta. "Auta, hancina ba ya barci. Ko ba ki faɗa ba, na san da daɗi. Ba don ki rage masa daɗi na ari harshenki ba. Don in kin ce ya yi, ba ni da sauran dalilin sa hannu."

"Wa ke kuka?" in ji Kaka, tana miƙa. "Ɓeran ne? An kore shi daga aiki?"

"Ba a kore shi ba, Inna. Gobe ma akwai aiki."

Washegari aikin kek biyu aka ba da. Ƙamshin ya cika gidan kamar kullum, kabejin Umma na rufe a faranti yana jiran ta. Ta miƙo cokali. Auta ta ɗanɗana, ta ga maƙogwaron ya motsa kamar jiya.

"Ya yi," ta ce da ƙarfi. Ba ta mayar da cokalin ba, ta jefa shi cikin ruwan wanke-wanke, ta ɗauko murfi ta rufe kwanon da kanta.

Umma ta jefa kanumfari a baki, ta ɗauki wuƙar shafa kirim.

A ranar Auta ta gane cewa ba za ta iya cire wa Umma kwaɗayin nan ba, yana nan yau, yana nan gobe. Abin da za ta iya shi ne ta faɗi gaskiya da wuri, ta rufe kwanon.