Kokowar Baba Jagtar

Illo ɗan Tawa ne, kuma kafin ya koma ɗaukar kwali a wani depo a Vénissieux, kusa da Lyon a ƙasar Faransa, ɗan kokowa ne da makaɗa suka san sunansa. A depon nan ya saba da wani direba Ba'indiye, wanda ya ga yadda yake sungumar kaya, ya ce lallai sai ya kai shi wurin ubansa a Stains, kusa da Paris.

Uban shi ne Baba Jagtar. Shekara ashirin da biyu ya yi yana kokowa a garuruwan ƙasarsu, ba wanda ya taɓa sa bayansa a ƙasa. Tun yana ɗan shekara tara aka miƙa shi ga maigidan kokowa, ya tashi da madara da man shanu da tsugunne dubu kafin hantsi. Yanzu ga shi a gareji, gwiwa ta ƙi, jikokinsa ba abin da suka sani sai ƙwallo. Ya zuba jar ƙasa a garejin, ya kwaɓa ta da man ja da kurkum, yana ta jiran wanda zai koya wa.

Shekara biyu Illo yana hawa jirgin ƙasa daga Lyon duk ƙarshen wata. Matarsa Hassia ta gaji da wankin gajeren wando mai jar ƙasa.

"Mutum da furfura a gemu, ka rasa abin yi sai birgima a garejin mutane," in ji ta.

Da gurgun Faransancinsu suke magana, shi da tsohon, kuma magana ɗaya ce kullum ke haɗa su faɗa. A Tawa, da abokin karawa ya dafa ƙasa da gwiwa da hannu, an gama, sai guɗa. A wurin su Baba Jagtar kuwa, wannan somin-taɓi ne. Sai ka kwantar da mutum, kafaɗunsa biyu sun manne da ƙasa.

"Kar ka sake shi. Illo, kar ka sake shi," tsohon yake faɗa yana buga sanda. Ya faɗa sau dubu, wallahi ya faɗa. Illo ya ce ya ji. A gareji kam yana ji.

A bazarar 2011 Indiyawan Paris suka shirya gasa a wani fili. Baba Jagtar, wanda bai taɓa fito da yaro ba tun zuwansa Faransa, ya sa a rubuta Illo da sunan gidansa. Direban ya ja Illo gefe ya faɗa masa gaskiya: a wurinsu, kayen yaro kayen maigida ne. In ya faɗi, sunan tsohon ya faɗi.

Aka haɗa shi da wani ƙato mai gidan abinci. Suka daɗe suna jan juna, ana ta kiɗan ganga. Gangar ce ta cuce shi, don ta yi kama da ta gida, har ya ji kamar ƙurar Tawa ce a hancinsa. Ya shiga ƙarƙashin ƙaton, ya ɗauke ƙafarsa, ya watsar da shi. Gwiwa biyu, hannu biyu, duk a ƙasa. Kaye mai kyau, irin wanda ake ba da labari.

Sai Illo ya sake shi. Ya miƙe, ya ɗaga hannuwa sama, ya juya yana taka rawa wajen makaɗa.

Kai, abin takaici. Bai ma lura cewa babu wanda ya yi tafi ba. Ƙaton ya taso ta baya, ya kwashe shi, ya danne kafaɗunsa kamar mai guga.

Illo ya daɗe a kwance yana kallon sama, kunya ta hana shi tashi. Da ya tashi, ya je ya durƙusa gaban kujerar tsohon.

"Baba, a garinmu na ci."

"Na gani," in ji Baba Jagtar. Ya sa hannu yana kakkaɓe masa ƙasar da ke bayansa, a hankali, har ya share ta tas. Sannan ya dubi tafin hannunsa.

"Shekarata saba'in da huɗu a duniya," ya ce. "Ashe haka ƙasa take a bayan mutum."