Ba Za a Shafa wa Ajinmu Siminti Ba

Sunana Ilu. Magini ne ni, shekara hamsin hannuna na cikin ƙasa.

A ƙauyenmu da ke ƙasar Gagarawa akwai wani ɗakin ƙasa guda ɗaya a tsakiyar filin firamare. Shi ne aji na farko a garin nan. Iyayenmu suka gina shi, mahaifina ya jera azarar rufin. Mu goma sha uku aka fara zubawa a ciki. Shekara biyu na yi aka mayar da ni gona, amma a nan na koyi ɗan rubutun nan. A nan garin ya fara jefa ƙuri'a. A nan aka raba hatsi shekarar da gero bai yi ba.

Yanzu an yi azuzuwan bulo a gefe, tsohon ya zama ma'ajiyar karyayyun bencina. Duk bazara ni nake yi masa yaɓe. Ba wanda ya sa ni.

Bana sai ga Habibullah, ɗan marigayi Hamma, mai aiki a Maigatari. Shi ne shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Ya zo da mota cike da siminti, da Ɗalha birkila, da masu ɗaukar hoto da waya. Ko da na isa, an jingina tsani.

"Baba Ilu, sannu da zuwa," in ji Habibullah. "Yau za mu hutar da kai. Filasta za a yi masa ciki da waje, a yi fenti, a kafa allon tarihi."

"Sauke tsanin nan."

"Haba Baba, gyara muka zo yi."

"Rushewa kuka zo yi, ba ku sani ba ne."

Ɗalha ya leƙo daga saman tsani. "Tsoho na tsoron rasa sana'a ne. Kwantar da hankalinka Baba, zan ɗauke ka lebura."

"Kai Ɗalha, katangar da ka yi wa mai shayi, tana tsaye ne ko har yanzu tana ruku'u?"

Aka tuntsire da dariya. Ya sauko.

Na yi musu bayani sau ɗaya. Ƙasa tana shan ruwa, ta fitar da shi. Siminti ba ya kama ta. Zai tsage, ruwa ya shiga ta baya ya rasa mafita. Waje sumul, ciki yana ruɓewa. Damina huɗu, bango ya zauna.

"Wannan zancen da ne, Baba," in ji Habibullah.

"Biyo ni."

Suka biyo ni duka har ƙofar gidan ubansa. Shekara huɗu ke nan da Habibullah ya shafe zauren da siminti, har da fenti shuɗi. Na ƙwanƙwasa bangon da sandata, ya amsa kamar an kifa ƙwarya. Na ja baya na buga da ƙarfi. Ɓawo mai faɗin tabarmar salla ya ɓalle ya faɗi. Bayansa ƙasa ce baƙa, mai danshi, gara tana ta gudu. Na sa yatsa, ya nutse.

Masu hoto suka sauke wayoyinsu.

"A gaban jama'a za ka fasa gidan ubana?" in ji Habibullah.

"Ban fasa ba, buɗewa na yi. Da ubanka muka zauna a ajin can, a ƙasa. Da yana raye, shi zai miƙo mini sandar."

"To riƙe ɗakinka. Ƙungiya ta janye hannunta. In ya faɗi, kai ka sani."

"Da ma hannun wa ke kai?"

Suka mayar da simintinsu mota suka tafi.

Ƙasarmu rairayi ce, ƙasar gini sai an je bayan gari. Na ɗaura wa jakina mangala. Sawu goma sha ɗaya na yi. Na kwaɓa da ciyawa, na bar ta kwana bakwai ta tsima. 'Yata Sabuwa ta ce, "Baba, bayanka fa." Na ce ta kawo ruwa ko ta koma gida. Ta kawo ruwa.

A masallaci ana cewa na kunyata yaro, na kori alheri daga gari. Su ce.

Da rufi na fara, sai bangon gabas, don ta nan hadari ke duka. Ranar Alhamis ruwan farko ya sauko da iska, har ya kwashe kwanon ɗaya daga cikin sababbin azuzuwan. Da ya ɗauke na je na buɗe ƙofar tsohon ajin. Ko ɗigo babu a ciki.

Habibullah ya zo gari sau biyu tun lokacin, bai gaishe ni ba. Ban aika masa ba, ba kuma zan aika ba.

Saura bangon arewa. Ƙasarsa na kwaɓe tun jiya.