Alizeta Ta Tafi Zagin Ebu

Da sanyin safiya waya ta iske Alizeta Lingani a Garango tana tsakiyar shanya albasa. Aka ce mata Ebu ta rasu a Reyo, da la'asar za a binne ta. Alizeta ba ta yi kuka ba. Ta jefa wayar cikin kwando, ta tafa hannu ta ce, "Kun ga 'yar banzar nan? Ta gudu ko sallama babu!"

Ebu Bagurunsa ce, Alizeta kuwa Busanga, kuma wasan barkwancin da ke tsakanin ƙabilun Busanga da Gurunsi ya girmi kakan kowa. Tun suna 'yan mata suka haɗu a kasuwar Wagadugu, rumfa tana kallon rumfa, kuma tun daga ranar ba wadda ta taɓa gaya wa 'yar'uwarta magana mai daɗi. Da tsufa ya kora kowacce garinsu sai suka ƙulla alkawari: duk wadda ta riga tafiya, ɗayar za ta zo ta zauna a kan gawarta ta zage ta tas kafin a tura ƙasa. Gawar da abokin wasa bai zo ya tsokane ta ba, ai an binne ta ne kamar baƙuwa. Abin da Alizeta ke tsoro ke nan, kuma tsoro na gaske, domin Reyo ba nan kusa ba ce.

Mota ɗaya ce a dangi, tsohuwar a-kori-kurar Dramani, ɗan ƙanenta, wadda yake kai albasa kasuwa da ita. Motar nan ba ta tashi sai an tura, ƙofarta da igiya ake ɗaure ta, amma idan ka ji Dramani yana yabonta ka rantse jiya aka sauke ta daga jirgin ruwa.

"Goggo, ki kwantar da hankalinki," in ji shi. "Kafin azahar kina Reyo."

"Kai dai tuƙa, mai bakin tsiya. In aka rufe matar nan ban zage ta ba, kai zan zauna a kanka."

Aka ɗora buhun gyaɗa a baya, wanda za ta watsa wa Gurunsi don su san manyansu sun iso. Maƙwabta suka tura, motar ta yi tari, ta yi atishawa, ta kama.

Sun wuce Kupela kaɗan taya ta fashe, fam! Alizeta ta yi salati, ta ce ya sa safaya. Dramani ya sosa ƙeya.

"Goggo, ai safayar ce ta fashe."

"To ta ainihin fa?"

"Tana gida. Na yanka ta, tumaki na shan ruwa a ciki."

Wani mai amalanken jaki ya ɗauki Dramani da tayar zuwa wurin mai faci. Alizeta ba ta ɓata lokacinta ba. Ta tsaya a gindin wata kuka tana gwada zagin da za ta yi, tana auna wanda zai fi zafi, shanun Fulani suna kallonta suna tuƙa. Wani ta ga ya yi sanyi ta watsar, wani ya ba ta dariya har ta dafa bishiya. Da Dramani ya dawo ya same ta tana haki, idonta ya yi ja, bai tambaye ta ko na dariya ne ba.

A tsakiyar Wagadugu kuma oda ta maƙale. Dramani ya danna ta sau ɗaya don wani mai babur ya kauce, ta ƙi yin shiru. Ya fizge wata waya, sai abin goge gilashi ya kama aiki. Ya fizge wata, rediyon da ya mutu tun bara ya farka da kiɗa. Haka suka ratsa birnin, oda na kururuwa, kiɗa na tashi, masu babura na darewa, Alizeta ta leƙo da kai tana ɗaga wa mutane hannu sai ka ce matar gwamna. Sai da suka fita gari odar ta gaji don kanta.

Rana ta karkata suna dab da Kudugu, hayaƙi ya turnuƙe gaban motar. Fambel ya tsinke, lagireto yana tafasa. Allah ya taimake su akwai rumfar wani bakanike a bakin hanya, wani dogon mutum mai tsage a kunci. Ya zo ya buɗa gaban motar, ya leƙa, ya ce zai duba ko yana da tsohon fambel.

A nan Alizeta ta tafka kuskure. Ta ƙiyasta a ranta cewa tunda an kusa Reyo ai an shigo ƙasar Gurunsi, kuma Busanga ba ya roƙon Bagurunse, umarni yake ba shi. Ta gyara ɗaurin zane ta buɗe murya.

"Kai bawana! Kana ganin uwargijiyarka a rana kana tafiya kamar ka sha burkutu? Yi maza, mai kan tulu, kafin in sayar da kai in sayi gishiri!"

Mutumin ya tsaya cak. Ya ajiye sifana a hankali, ya goge hannu da tsumma.

"Hajiya, sunana Tinga Wedarawgo. Ni Mosi ne, ba Bagurunse ba. Ban san ki ba, ban ci miki komai ba. Ki nemi wani ya gyara miki."

Ya koma kan bencinsa ya harɗe ƙafa. Dramani ya bi shi yana ba da haƙuri, mutumin ko kallonsa bai yi ba. Alizeta ta ji kunya ta rufe ta, abin da ta manta yadda yake tun tana yarinya. Ta dubi rana, ta dubi motar. Ta matsa kusa da bencin, ta rage murya ta ce, "Ɗana, ka yafe mini, bakina ne ya riga ni. Ƙawata za a binne a Reyo, Bagurunsa ce, na ɗauka kai ma..."

Ba ta ƙarasa ba wata gajeriyar mata ta fito daga bayan rumfar, ludayi a hannu.

"Wa na ji yana neman Gurunsi? Ƙanshin gyaɗa nake ji tun ɗazu! Ke tsohuwar ɓera, kin rasa wanda za ki zaga sai mijina? Ga ni nan, Eyon, 'yar Reyo gaba da baya. Ni za ki zaga in kin isa!"

Wayyo daɗi! Alizeta ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi. Ta riƙe ƙugu, Eyon ta riƙe ƙugu, aka shiga bajekoli. Alizeta ta kira Gurunsi masu miyar ganyen da akuya ta ƙi, Eyon ta ce mata Busanga da ko a makabarta ya ga gyaɗa sai ya tona. Masu sayar da mangwaro suka bar tirensu suka kewaye su ana shewa. Tinga ya yi ta cin magani, daga baya dariya ta ƙwace masa.

"Tashi ka gyara wa baiwata mota," in ji Eyon. "Gawa ɗaya ce yau a Reyo. Ebu za ta binne, Ebun gidan Bationo. In ta makara mu aka yi wa asara."

Babu fambel ɗin da ya yi daidai, sai Tinga ya yanko tsohuwar roba ya murɗa ya ɗaure, ya ce kada su kashe injin ko da wasa. Eyon ta sauke buhun gyaɗar ta ce ta ƙwace, harajin shiga ƙasa ne.

Suna hango tsaunin Reyo robar ta tsinke, injin ya mutu. Amma gangara ce, motar ta ci gaba da tafiya shiru abinta, Dramani yana taka birki, birkin kuwa yana cewa bai san zancen ba. Kaji suka watse, wani mai keke ya faɗa gona. Can gaba ga taro a bayan wani gida, ana waƙar coci, an ajiye akwati a bakin rami, maza sun riga sun kama igiya. A-kori-kurar ta bi ta gefensu ta nutsa kai cikin tarin karan dawa ta tsaya.

Alizeta ta kwance igiyar ƙofa ta diro, ɗankwali a karkace, takalmi ƙafa ɗaya.

"Ku dakata, bayin banza! Wa ya ba ku izinin taɓa kayana?"

Aka ce, "Busanga ta iso!" Taron ya buɗe mata hanya. Ta haye kan akwatin ta zauna daram, ta buga murfin da tafin hannu.

"Ke Ebu! Maƙaryaciya! Kin ce sai kin ga bayana, ga shi kin kwanta kin bar ni. Rowa ce ta kashe ki, don kada in zo ki yanka mini kaza. Ki je can lahira ki dame su da miyarki mai ɗaci, su koro ki!"

Mutane suka fashe da dariya, masu hawaye na dariya, har limamin cocin ya rufe baki da littafinsa. Alizeta ta zuba wanda ta tanada a gindin kuka, ta ƙara da wanda ya zo mata nan take. Sannan ta ja numfashi ta karkata kunne, yadda ta saba, tana jiran a rama.

Ba a rama ba. Sai a lokacin ta gane Ebu ta mutu. Ta kifa goshi a kan katakon, kuka ya zo mata irin mai tsinka ciki.

Balandin, babbar 'yar Ebu, wadda ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi Alizeta ba don kunya, ta matso. Ta ce, "Ke tsohuwar Busanga, sauka daga kan uwata. Za ki sa mata warin albasa su hana ta shiga."

Alizeta ta ɗago kai a hankali, ta share fuska da gefen zane, ta dube ta.

"Ƙara faɗa, 'yar nan," in ji ta. "Da ƙarfi."