Hotunan da Suka Ƙi Buɗewa

Lukuman ma'aikacin gwamnati ne a Gusau. Aikinsa bai wuce buga hatimi ba, amma a unguwa Injiniya ake ce masa, tun ranar da ya gyara rimot ɗin maƙwabcinsa ta hanyar juya batir. Matarsa Asiya ce ke shirya shirin manoma a wani gidan rediyo, kuma kwamfutarta ba irin ta kowa ba ce, wani tsarin aiki da ake kira Linux ta sa mata. Lukuman bai taɓa son kwamfutar nan ba, don ita kaɗai ce na'ura a gidan da ba ya iya tsara wa baƙi bayani a kanta.

Da Asiya za ta tafi Tsafe sunan jaririn ƙanwarta, sai ta bar masa ita.

"Baban Nusaiba, ka kalli ƙwallonka a cikinta. In ta nemi sabuntawa, ka sa mata kalmar sirri ka ƙyale ta. Hirar da na yi da manoman Furfuri da Bungudu duk tana ciki, ko tacewa ban yi ba."

"Ni za ki koya wa na'ura?" in ji shi.

Da la'asar wani gargaɗi ya fito a allo, wai wuri ya kusa cika a wani sashe da ake kira boot. Lukuman ya gyara zama ya shiga sashen. Ya tarar da wasu ƙattan fayiloli, kowanne sunansa ya fara da initrd.img. Wannan img ɗin ya san shi, hoto ke nan. Ya danna na farko, bai buɗe ba. Na biyu ma ya ƙi.

"Lalatattun hotuna ta tara, sannan a ce ni ne ban iya ba."

Ya zaɓe su gaba ɗaya ya ce a goge. Kwamfutar ta nemi kalmar sirri, ya buga mata da yatsa ɗaya yana murmushi. Gargaɗin ya ɓace. Ko ta kan sabuntawar bai bi ba, ya kashe ta ya fita majalisa, inda ya ba da labarin har da ƙari.

Washegari da safe ya kunna, sai allo baƙi ƙirin da fararen rubutu, a ƙasa an sa kernel panic. Kalmar farko ta fi ƙarfinsa, amma ta biyun ya san firgita take nufi.

"Ke ce za ki firgita ko ni?"

Ya kashe ya kunna. Ya hure maɓallan. Ya ajiye ta gaban fanka ta sha iska, ya sake kunnawa, rubutun na nan daram. Ya naɗe ta a sallaya, ya tare mashin zuwa shagon Sule mai gyara a kasuwa.

Sule ya leƙa allon ya taɓe baki. "Wagga sai wanki. In share komai, in sa mata irin ta mutane."

"Komai? Har da manoma?"

"Har da gonakinsu."

Lukuman ya fizge kwamfutar ya rungume.

"To, Injiniya, kai ta wurin wanda ya sa ta a wagga ɗariƙa," in ji Sule.

Haka ya shiga motar Tsafe, kwamfuta a cinya, buhun dawar wata mata a kan ƙafarsa. Da ya isa gidan surukansa, maza sun watse, ƙamshin suyar rago ya cika unguwa. Ya zauna a zaure ya aika ciki. Asiya ta fito tana ɗaga hannuwa sama, ɗanyen lalle shaɓe-shaɓe har wuyan hannu.

"Lafiya? Ai ka ce ba za ka samu zuwa ba."

"Zumunci ne ya kawo ni. Kuma kwamfutarki ta ɗan firgita."

Ya buɗe ya kunna. Asiya ta karanta allon, ta ɗago.

"Me ka goge?"

"Wasu hotuna ne da ba sa buɗewa."

"A ina?"

"A boot."

Ta yi salati har sai da mata suka taru a bayan zana suna leƙe.

"Ba hotuna ba ne, Baban Nusaiba. Faifan kwamfutar nan a kulle yake. In ta tashi ba ta iya karanta komai a cikinsa, kuma kayan buɗewar su ma suna cikin faifan. Shi ya sa ake ɗaure mata ɗan ƙunshi a waje, da abin da zai tambayi kalmar sirri da abin da zai gane faifan. Da shi take fara aiki, ta buɗe, sannan ta shiga ta ɗauko sauran. Ƙunshin ka zubar. Har tsofaffin da na bari don ɓacin rana."

Inna, mahaifiyar Asiya, ba ta haɗa ido da surukinta, ba ta kuma kiran sunansa. Daga bayan zana muryarta ta fito.

"Asiya, mi wancan ya yi?"

"Inna, ɗaki na kulle, shi kuma ya jefar da mabuɗin."

"Shi ne Injiniyan?"

Dariya ta ɓarke a tsakar gida. Lukuman ya dubi rufin zaure kamar mai neman inda yake yoyo.

Akwai filashi a jikin makullan Asiya, mai ɗauke da Linux ɗin da ke tashi da kansa. Sai dai lallenta bai kama ba, kuma ta rantse ba za ta wanke shi saboda kowa ba. Dole Lukuman ya durƙusa a tabarma, ita tana tsaye a kansa tana faɗa yana bugawa. Suka tashi kwamfutar daga filashin, suka buɗe faifan, suka shiga ciki.

"Ba a nan ake tazara ba. Goge. A'a, harafi ɗaya na ce, ba layin duka ba. Hannunka dai ya iya gogewa."

Sai da gumi ya jiƙa masa riga kafin ya buga umarnin sake ɗaura ƙunshin daidai. Rubutu ya yi ta gudu a allo, ya tsaya. Ya zare filashin ya kunna. Kwamfutar ta nemi kalmar sirri kamar ba abin da ya faru. Asiya ta sa ya buɗe hirar, muryar wani dattijo daga Furfuri ta cika zauren yana tsine wa tsutsar da ta cinye masa masara.

"Alhamdu lillahi, mun gyara," in ji Lukuman.

"Mun?"

Ta kira ƙanwar mai jego, Shafa'atu, ta ce ta shige da kwamfutar ɗakin Inna. Aka fito wa Lukuman da kwanon soyayyen nama, Inna ta aiko cewa na maƙwabta ne a Gusau, kuma ta san yawansa. Ya yi godiya, ya kama hanyar tasha. Kafin motar ta kai Kwatarkwashi ya cinye rabi.