Tallan da Mas'ud Bai Gani Ba

A Anka, idan aka ce "a shafin Mas'ud na gani," to magana ta ƙare. Shekara huɗu ya yi yana gina shafin nan na labarai a intanet, daga wani ɗan shago a bakin tasha. Farashin gero a kasuwar Bukkuyum, hanyar da ake bi da wadda ta lalace da ɓarayin daji, ranar da ma'aikatan lafiya za su zo gwajin jinin yara, duk a wurinsa ake ji. Bai taɓa sa ƙarya ba. Mutanenmu kuwa ba ruwansu da raba labari da talla. Duk abin da ya fito a ƙarƙashin sunanka, kai ka faɗa.

Talla iri biyu ke shigo masa daga kasuwar gwanjon intanet, inda na'ura ke sayar da gurbi kafin ka ƙifta ido. Akwai wanda mai shi ke ɗora hotonsa kai tsaye, abin da Mas'ud ya duba ya amince da shi, shi jama'a za su gani, ba ƙari ba ragi. Akwai kuma wanda ba hoto ake ɗorawa ba, 'yan layukan rubutun kwamfuta ne kawai. Duk wanda ya buɗe shafin, sai su je su ɗauko masa hoto daga rumbun wani kamfani can wata duniya, mai rumbun kuma yana iya canja hoton sa'ad da ya ga dama, ya nuna wa wannan daban, wancan daban.

Mas'ud ya san haka sarai, kada ma wani ya ce rufe shi aka yi. Amma guraben tallansa sun yi wata biyu fari fat, ba mai saye, sai ya danna ya buɗe wa iri na biyun ƙofa. Ya duba wanda ya fara shigowa, tallan takin zamani ne, koren buhu da manomi yana washe baki. Ya ce a ransa, to mene ne a ciki? Kullum da safe ya buɗe, buhun nan yake gani.

Wata Laraba da hantsi Sharu, mijin yayarsa Hafsa, ya kira shi daga Tungar Daji.

"Asma ce. Jijjiga takai tun da sahe, ta ƙi tsayawa."

Asma 'yar shekara uku ce, ita kaɗai ta rage wa Hafsa. Tun bara gwaji ya nuna gubar dalma a jininta, daga ƙurar dutsen zinariyar da ake dakawa a gidan. An ɗora ta a kan magani, ana kawo ta asibiti a Anka a kan kari. Mas'ud ya ɗauka haka ake har yanzu. Ya hau babur bai ko rufe shagon da kyau ba.

Ya tarar da ita a cinyar uwarta, haƙora a datse, ido ya juye. A gefen tabarma ga wata kwalba, da ruwa baƙi-baƙi a ciki, ba suna ba lamba.

"Yaya, wa ya ba ki wannan? Ina maganin asibiti?"

"Mun bari tun wata biyu. Ka san yadda hanyar ga take, kullum ana ɗibar mutane. Da nig ga wanga a shafinka sai nic ce Allah ya kawo sauƙi."

Ta miƙo masa 'yar wayarta mai tsagaggen gilashi. Shafinsa ne. Sunansa ne a sama. A ƙarƙashin labarin da shi da kansa ya rubuta kan gwajin jini, ga hoton kwalbar, da jan rubutu: "Wanke gubar dalma a kwana bakwai. Ba sai an je asibiti ba." Ga lambar waya, ɗan kabu-kabu ke kawowa har gida.

Ya ciro tasa wayar, ya buɗe shafin, wuri ɗaya, labari ɗaya. Koren buhu. Manomin na nan yana washe masa baki. La'anannun masu tallan sun ware shi ne, shi da duk mai babbar waya a cikin gari, suka aika kwalbar ga ƙananan wayoyin ƙauye. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, domin ƙauyukan da ke karanta shi ba ɗaya ba ne, ba biyu ba.

Ba lokacin bayani. Hafsa ta rungume yarinyar ta hau bayansa. Duk tsawon hanyar yana jin ƙafafun Asma na dukan bayansa, yana ta shirya yadda zai faɗa wa yayarsa. Zai ce mata talla iri biyu ne. Zai ce bai taɓa ganin kwalbar nan ba. Zai ce shi ya buɗe ƙofar, da yatsarsa, yana sane. Kafin su shiga Anka ya ji dukan ya tsaya, bai waiwaya ba, ya ƙara wuta.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta ɗora abin awo a ƙirjin yarinyar, ta daɗe, sannan ta ja zanen ta rufe mata fuska.

A kan bencin baranda ya buɗe wayarsa ya rufe wa tallan ƙofa. Dannawa ɗaya ce. Ya zauna yana kallon yatsar, ya tsani kansa.

Hafsa ta fito ta zauna kusa da shi. Ba ta kuka. Ta ga yadda fuskarsa ta koma, sai tausayinsa ya kama ta, ita da aka yi wa rashi. Ta dafa kafaɗarsa.

"Kada ka sa ma ranka damuwa, ƙanena. Kai kan nemo muna magani, ka yi iya ƙoƙarinka. Kwananta ne ya ƙare. Har maƙwabta na faɗa ma, gida shida sun saya, kowa na sa maka albarka."

Duk maganar da ya shirya tana nan a bakinsa. Ya dube ta, ya dubi zanen da ke hannunta.

"Waɗanne gidaje, Yaya?" ya ce. "Faɗa mini sunayensu."