Kan Hajiya Ƙwalisa

A shagon kitson Yaya akwai ƙusoshi jere a bayan ƙofa. Duk matar da ta shigo, nan take rataye hijabinta, ta zauna ta miƙa kai. Furfura ce, amosani ne ko sanƙo, abin da aka gani a ciki ba ya fita waje.

Hajiya Ƙwalisa ce ta karya wannan ƙa'ida. Wata uku da suka wuce ta zo gyaran gashi, ta tarar da Auta, ƙanwar Yaya, ta cire hijabi tana shan iskar fanka. Rabin kan Auta tabon ƙuna ne tun tana rarrafe, gashi bai sake tsirowa a wurin ba. Hajiya ta ɗauke ta hoto a ɓoye, ta tura wa matan unguwa, ta rubuta: “Ashe ba ustazanci ba ne, ɓoyon kaya ne.” Kafin kwana biyu hoton ya shiga wayoyin maza. Auta ta daina zuwa makaranta. Ko a cikin ɗaki ba ta yarda ta buɗe kanta.

Yaya ba ta je ta yi faɗa ba. Ta haɗiye abin, yana cin ta a ciki.

Wata Laraba da hantsi sai ga Hajiya. Ta jira har shagon ya watse, ta ce a sa sakata, sannan ta kwance ɗankwali. Wani man gyaran gashi ya cinye mata tsakiyar kai, fatar ta yi jawur kamar an feɗe.

“Jibi bikin 'yata,” ta ce. “Ke kaɗai kika iya kitson da zai rufe wannan. Maganar Auta kuwa ai wasa ne, ki bar ta ta wuce.”

“Wasa ne mana, Hajiya. Zauna.”

Yaya ta tsaya a bayanta, ta baje ragowar gashin har wurin ya fito sarai. Ta ɗaga waya. Haske ya walƙa a madubi.

Hajiya ta zabura, ta dafe kai da hannu biyu. “Me kika yi?”

“Wasa.”

“Ki dubi girman Allah ki goge! Ko Alhaji bai gani ba.”

“Kwantar da hankalinki, ba yau zan tura ba. Wataƙila ranar biki, kina tsakiyar surukai. Wataƙila baɗi. Ke dai duk sanda wayarki ta yi ƙara, ki duba.”

Hajiya ta yi roƙo har muryarta ta dushe. Yaya ta zaunar da ita, ta yi mata kitso mai kyau wanda ya rufe wurin ruf, ta buɗe mata ƙofa. Hajiya ta fita da mayafi a ja har goshi, tana waige.

Auta ta fito daga ɗakin ciki, ashe ta ji komai.

“Yaya, nuna mini hoton.”

Yaya ta miƙa mata wayar. Auta ta duba sama, ta duba ƙasa.

“Ban ga komai ba.”

“Tocila na kunna. Kan da mace ta buɗe mini a nan, ba na ɗaukarsa hoto, ko da nata ne.”

Auta ta juya wayar a hannu.

“To yaushe za ki gaya mata?”

Yaya ta tara matazai a roba, ta zuba ruwan zafi.

“In gaya mata me?”