Farar Ƙwaryar Azumi

Malama Munawwara tana da wata ɗabi'a da duk malaman firamarensu a Birnin Kudu suka sani. In ta tattara littattafan 'yan aji huɗu za ta duba, ba ta farawa daga sama. Sai ta kifa tarin, ta fara da na ƙasa. Takan ce masu rawar kai su ke ɗora nasu a sama, masu kunya kuwa cusa nasu suke yi a ƙarƙashi, kuma in malami ya gaji, su ne jan bironsa ke yi wa rowa.

In ta dawo gida ta sauke tukunya, akwai wani wasa a waya da takan taɓa kafin la'asar. Wasan Kunkuru ake ce masa a nan. Kowane ɗan wasa ana ba shi ƙaton kunkuru mai iyo a teku, a kan bayansa zai gina ƙauye, ya yi shuka, ya yi kiwo, ya riƙa musayar iri da maƙwabtan da nasu kunkurun ke iyo kusa da nasa. Hausawan da ke buga shi sun buɗe dandalinsu, suka ɗora ta a kan kula da shi, don an san ba ta da faɗa.

Da damina ta ja baya, masu wasan suka sa gasar zane. Kowa ya zana abin da ya burge shi a wasan, ya ɗauki hoto ya tura, jama'a su jefa ƙuri'a. Zane ya fi ɗari huɗu. Wanda ya ci wani ne daga wata ƙasa mai nisa, da kwamfuta ya yi nasa, kunkurun har sheƙi yake yi. Aka yi ta yabo kwana biyu, aka wuce wurin.

Munawwara kuwa sai ta kifa tarin. Ta gangara can ƙasa, inda masu ƙuri'a biyu da uku suke, ta sanar a dandali cewa duk Juma'a za ta fito da uku daga cikinsu a sake kallo. Ta samu akuya da wani ya zana da biro a bayan takardar siminti. Ta samu hula da wani maɗinki a Unguwar Ya ya zagaye da ƙananan kunkuru, kowanne da irin tafiyarsa. Ta rubuta musu yabo dalla-dalla, kamar yadda take yi wa ɗalibai.

A mako na uku ta iso kan na ƙarshe. Hoton ƙwarya ce a kife a kan tabarma, fara fat, rana ta haske ta, babu abin da ido ke gani a jikinta. Ƙuri'a ɗaya. A ƙarƙashi kuwa maganganu sun yi layi. Wani ya ce, "Ina furar?" Wani ya ce, "Baiwar Allah, gasar zane aka ce, ba gasar wanke-wanke ba." Cikin masu alamar dariya Munawwara ta hango sunanta. Ta tuna ranar, tana sauri, ta ga ƙwarya, ta danna ta wuce.

Sai ta duba sunan mai hoton. Azumi Sara. Wannan maƙwabciyarta ce a wasan, wadda ba su taɓa haɗuwa ba, amma kusan shekara guda kullum safiya sai ta aiko mata da irin gero. Kuma yau mako uku ke nan ba ta aiko ba. Munawwara ta leƙa ƙauyen Azumi, ta tarar shuka ta bushe, awaki na yawo babu mai kora.

Ta koma kan hoton, ta ja shi da yatsu biyu har ya cika fuskar wayar. Can gefen da inuwa ta ɗan taɓa, ta ga wasu siraran layuka, kamar sawun tururuwa a kan rairayi. Aikin wuƙa ne.

Ta tura mata saƙo. Sai washegari amsa ta zo, da murya, a hankali.

"Malama, ina yini. Don Allah a bar maganar nan. Ƙwarya dai na zuba mata dusar kaji. Wuƙar ma na mayar wa Inna abinta, na daina. Na gode da tambaya."

Munawwara ta saurara sau uku. Mijinta Kamaluddeen yana gefe yana goge mashin, ya ji duka.

"Ranar Asabar za ka kai ni Sara," in ji ta.

"Sara ta Gwaram? Gaisuwar mutuwa ko suna?"

"Ƙwarya zan gano."

Ya ajiye tsumman ya dube ta. "Malama, ƙwarya ce ta ƙare a kasuwar Birnin Kudu? Ki ba ni minti goma in kawo miki biyar, har da ludayi kyauta."

"Wannan na yi mata dariya ne ban duba ba."

"To ai ƙwarya ba ta fushi."

"Mai ita tana yi."

Ya ɗauki tsummansa ya ci gaba da goge-goge. Can ya ce, "Sai mu fita da wuri, kafin rana ta yi."

Suka isa Sara da hantsi, ana ta yankan gero a gonakin bakin hanya. Gidan bai yi wuyar samu ba, da suka ce gidan masu zanen ƙwarya sai aka nuna musu. Aka shimfiɗa wa Kamaluddeen tabarma a soro, Munawwara ta yi sallama ta shiga.

Azumi mace ce siririya, ba ta wuce talatin da biyar ba, da goyo a bayanta. Ta kawo ruwa, ta gaishe ta cikin ladabi, amma ba ta yarda sun haɗa ido ba. A gindin bishiyar darbejiya wata tsohuwa na zaune tana ɓarar gyaɗa. Ita ce Inna Barira, mahaifiyar Azumi, wadda ta koya mata aikin.

"Ke ce malamar cikin waya?" in ji tsohuwar. "Na zaci za ki fi haka girma. Azumi, ɗauko abin, baƙuwa ba ta yi wannan tafiyar don ta kalli ƙeyarki ba."

Azumi ta juye dusar a wani kwano, ta kakkaɓe ƙwaryar, ta miƙo. Munawwara ta karɓa da hannu biyu. Ko a nan ɗin ma, ido bai ga komai sosai ba. Amma da ta shafa, sai ta ji babu inda yatsa zai sauka bai taɓa zane ba, tun daga gindi har baki.

"Kwana nawa kika yi a kanta?"

"Wata ɗaya da kwana shida," in ji Azumi.

"To me ya sa ba ki shafa mata baƙi ba? Ai da zanen ya fito."

Inna Barira ce ta amsa.

"A gidan nan mai zane ba ya shafa baƙi, 'yata. Haka na taras, haka uwata ta taras. Mu namu yanka ne. Wanda aka yi wa ƙwarya shi zai zo ya shafa da hannunsa, shi zai fara ganin abin da aka yi masa. In mai zane ta shafa da kanta, ta yi wa kanta ke nan, kuma mai yabon kansa ba ya rasa abin kunya. Na tambaye ta, wa kika yi wa wannan? Ta ce wasa. Na ce, shi wasan yana da hannu?"

"Inna!"

"Ƙarya na yi? Ta ɗauki hoto ta aika, ta zauna tana jiran wani ya ce tasa ce. Kullum tana duba waya kamar mai jiran sakamakon asibiti."

"Na zaci wani zai tambaya," in ji Azumi, murya ƙasa-ƙasa. "Ko mutum ɗaya ya ce, mene ne a jiki? Sai in ce ya zo ya gani."

Munawwara ta ajiye ƙwaryar a cinyarta. Ta saba gaya wa yara cewa wanda ya yi laifi ya faɗa da bakinsa kafin a faɗa masa, yau ga shi ya zo kanta.

"Azumi, cikin masu dariyar nan har da ni."

"Na gani."

"Ban duba ba. Ba ni da wata hujja."

"Na sauran bai dame ni ba, ban san su ba," in ji Azumi. Sai yanzu ta ɗago ta dube ta. "Taki ce ta tsaya mini. Na ce, Malama da nake aika wa iri kullum?"

"Ki yafe mini."

"Ya wuce."

Amma Munawwara ta san irin wannan "ya wuce" ɗin, tana jin sa a bakin yara in an raba su faɗa. Ta juya wajen tsohuwar.

"Inna, in mutum ya zo a makare ya ce tasa ce, ana ba shi?"

Inna Barira ta watsa ɓawon gyaɗa gefe. "Ba ni za ki tambaya ba. Ga mai wuƙa nan."

Azumi ta daɗe tana gyara ɗaurin goyonta, wanda babu abin da ya same shi. Sannan ta tashi ta shiga madafa. Ta kankaro baƙin gindin tukunya a wani kasko, ta ɗiga man shanu, ta cuɗa, ta kawo ta ajiye a gaban Munawwara.

"Da tafin hannu ake yi," in ji ta. "Ba a sa tsumma sai a ƙarshe. Ki cire zoben."

Munawwara ta naɗe hannun riga, ta dangwalo, ta fara shafawa. Ƙwarya ta yi baƙi ƙirin, ta yi muni, har ta ji tsoron ko ta ɓata. Inna Barira tana ta ba da umarni: "Danna sosai, ba jariri kike shafa wa mai ba." Da ta gama zagayewa, Azumi ta miƙo mata tsumma. Ta goge sau ɗaya daga sama zuwa ƙasa.

Baƙin ya tafi, ya bar abin da ya shige cikin yankan wuƙa. Rumbu ya fito, da jinkarsa, har da tsanin da aka jingina masa. Ta sake gogewa, ga rijiya da guga, ga awaki uku, ɗaya ta ɗora ƙafa a kan danga. Ashe ƙwaryar a kife ita ce bayan kunkurun, ƙauyen Azumi na wasan kuma yana zaune a kai gida-gida. Kai da ƙafafu suna can wajen baki, cikin igiyar ruwa da aka yi da layuka ƙanana kamar kitso.

Munawwara ta ci gaba da gogewa. A zagayen bakin ƙwaryar wasu ƙananan kunkuru suka fito, guda bakwai, maƙwabtan Azumi, kowanne da ƙauyensa. A kan na huɗu ta tsaya. Ga makaranta mai aji biyu, ga bishiyar mangwaro, ga kuma dangar da ta gina a karkace tun farkon shigarta wasan, wadda kullum take cewa za ta gyara.

"Har da dangar?" in ji ta.

"Haka take ai," in ji Azumi, dariya ta ƙwace mata. "Shekara guda ina kallonta, tana ba ni haushi."

Munawwara ta kai hannu za ta share ido, Inna Barira ta daka mata tsawa: "Kul! Za ki koma Birnin Kudu da gemu."

Hannunta duk baƙi ne, ba ta iya ɗaukar waya, don haka tsohuwar ta ɗauki ƙwaryar da kanta ta kai soro. Suna jiyo Kamaluddeen yana cewa, "Kai! Kai! Wannan ita ce ta dusar?" Shi ya ɗauki hotunan, a inuwa, ta kowane gefe, Inna Barira na tsaye a kansa tana gaya masa inda bai ɗauka da kyau ba.

Kafin su tafi aka ɗauraye cikin ƙwaryar, aka dama fura a ciki, aka ba Munawwara, don a al'adar gidan, wanda aka yi wa ƙwarya shi ke fara sha. Munawwara ta sha, ta miƙa wa Azumi.

Ranar Juma'a ta sa hotuna biyu a dandali, farar da baƙar, gefe da gefe. Ta bayyana al'adar gidan su Azumi, ta kuma rubuta cewa ita ma tana cikin waɗanda suka yi dariya. Gasa dai ta riga ta wuce, babu kyautar da za a sake rabawa. Amma mutane suka yi ta jan hoton suna neman ƙauyukansu. Mai tambayar fura ya dawo ya ce, "Na ci tuwona da miyar kunya, a gaya mata ta yi haƙuri." Maɗinkin hular Unguwar Ya ya tambaya ko ana yi wa maza.

Azumi ba ta ce komai a dandalin ba. Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce, Munawwara tana duba waya tana mayarwa.

Ranar Litinin da safe, tana ɗaura ɗankwali za ta fita, wayar ta yi ƙara. Irin gero ne ya shigo daga maƙwabciya. Bayansa kuma ga saƙon murya.

"Malama, ina kwana. Ki gaya wa mai hular nan ana yi wa maza, amma shi zai zo ya shafa abinsa." A bayan muryar ana jin wani ɗan sauti, ƙaras, ƙaras, na wuƙa a jikin ƙwarya. Sai muryar Inna Barira daga nesa: "Ki ce mata ta gyara dangar nan!"

Munawwara ta dubi ƙwaryar a inda ta kife ta a kan kabad, ta dubi bakin farcenta da har yanzu baƙin bai gama fita ba. Ta ɗauki littattafan 'yan aji huɗu ta fita. Dangar kuwa ta bar ta yadda take, tunda haka aka zana ta.